Gorar da Muke Fafewa Ranar Tafiya

Wata ranar Talata cikin Fabrairu, shekara biyu da suka wuce, na raka 'yar yayata wata cibiyar kwamfuta a nan cikin Kaduna domin ta yi rajistar JAMB, jarrabawar neman shiga manyan makarantu. Tun bayan sallar Asuba muka baro Rigasa, hazo ya rufe hanya, amma ko da muka isa layi ya riga ya fito har bakin titi. Sai wajen azahar aka kira ta. Na kutsa na tsaya a bayanta. Saurayin da ke gaban kwamfutar ya shigar da lambarta, ya ɗauki hoton yatsunta, sannan ya ce, ko kai bai ɗago ba, "Wane kwas?"

Ta ce, "Karatun lauya."

"Kina yin Litirecha?"

Ta juyo ta dube ni. "Kawu, ba ma yi a makarantarmu. Tun muna SS1 malamin ya tafi, ba a kawo wani ba."

"To ba zai yiwu ba, Hajiya. Zaɓi wani, mutane na jira."

Ya karanto mata kwasa-kwasai uku. Biyu daga ciki ba ta taɓa jin sunansu ba. Ta zaɓi wanda ya fi mata daɗin faɗa. Yarinyar da tun tana aji huɗun firamare take ce wa uwarta ita lauya za ta zama, cikin minti biyu ta sauya hanya, da mutum hamsin a bayanta suna tsaki. A keken da ya mai da mu gida ba ta ce uffan ba, sai gefen hijabinta da take ta murzawa.

Ban ga laifin saurayin nan ba. Aikinsa shigar da bayanai ne, kuma gaskiya ya faɗa mata. Laifin da na gani nawa ne. Na yi shekara goma sha huɗu ina koyarwa a sakandare, na san abin da karatun lauya ke bukata, yarinyar nan kuma kusan kowace Juma'a tana gidana, amma ban taɓa zaunar da ita na tambaye ta darussan da take ɗauka ba. Abin da nake tambaya kullum shi ne, "Na nawa kika zo?" Haka kusan dukkanmu muke yi.

Abin da nake son faɗa a taƙaice ke nan: muna shirya yaranmu su tsallake jarrabawa, ba ma shirya su ga abin da ke bayan jarrabawar. Kuma ko ita jarrabawar, sai ta ƙarato muke tashi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuwa a bakin tasha muke fafe tamu, mota na hon.

Hukuncin da ya raba 'yar yayata da burinta an yanke shi shekara uku kafin wannan Talatar, tun a SS1, shekarar da ake raba yara aji-aji. Duk wanda ya koyar a sakandare ya san yadda ake rabon. A duba sakamakon JSS3, masu maki da yawa a tura su sayans, ragowar a watsa su ajin at da na kasuwanci. Ba a cika tambayar yaro me yake so ba, balle a kira mahaifinsa. Shi ma uban in an kira shi, amsarsa ɗaya ce: likita ko injiniya. Na ga yara masu kaifin harshe, masu son tarihi da muhawara, an danna su ajin Kemistiri suna shan wahala shekara uku don kada a ce ɗan wane ɗan at ne. Na kuma ga masu son aikin jinya da aka jefa ajin kasuwanci, ba su san ƙofa ta rufe musu ba sai ranar cike fom. Alhali sharuɗɗan a rubuce suke. Mai son likitanci sai da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci sai da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Lauya, a yawancin jami'o'i, sai da Litirecha. Kusan ko'ina ana neman kiredit biyar har da Turanci, galibi har da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, wasu kwasa-kwasan ma zama ɗaya tak. Duk wannan yana cikin littafin jagora na JAMB, wanda ke intanet kyauta. Yaro ɗan JSS3 ne ya kamata a buɗe masa littafin nan. Mu sai yana SS3 yake jin labarinsa, in ma ya ji.

Tun 1977, da aka fitar da tsarin ilimi na ƙasa karon farko, aka rubuta cewa za a naɗa malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare, saboda yara ba su san hanyoyin da ke gabansu ba. A ɗaya daga makarantun da na koyar akwai ɗakin mai ba da shawara, da allo a ƙofa. Ciki kuwa karyayyun kujeru ne da tsofaffin rajistoci. Malamar da aka ɗora wa aikin mutuniyar kirki ce, amma tana da azuzuwa biyar na Bayoloji, kowanne da ɗalibai fiye da saba'in. Yaushe za ta zauna da yaro ɗaya? Don haka a aikace, mai ba yaranmu shawara shi ne saurayin da ke gaban kwamfuta, ko abokin yaro da ya girme shi da shekara ɗaya.

Ita kanta JAMB ɗin, dubi yadda muke tunkararta. Tun 2015 aka daina rubuta ta a takarda gaba ɗaya, sai a kwamfuta. Tambaya 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya. Amma har yau akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka zauna gaban kwamfuta. Na tsaya a ƙofar cibiya na ji yarinya na kuka, wai ta danna abin da ba ta sani ba allon ya rufe. Harrufa ƙalilan ne fa ake aiki da su: A, B, C, D na amsa, N a ci gaba, P a koma baya, S a miƙa. Abin da za a koya wa yaro a wuni ɗaya. Akwai ma jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske, amma iyaye da yawa suna ganin ƙarin kashe kuɗi ne.

A 2025 kimanin yara miliyan 1.9 ne suka rubuta jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Daga baya shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura da ta shafi kusan ɗalibai 380,000, aka sake musu. Sai dai a Legas da jihohin kudu maso gabas abin ya faru. Kaduna ba ta ciki. Yaranmu da suka dawo da 130 da 150 ba su da wannan uzurin, mu ma ba mu da shi.

Akwai maganar da ba ma son yi a bainar jama'a, amma dole a yi ta. Yaro ya fito da kiredit takwas a WAEC ko NECO, har da A a Lissafi, ya shiga JAMB ya kasa kawo 150. Kowa a unguwa ya san dalili. Uba ne ya cire shi daga makarantarsa a SS3 ya kai shi wata makaranta a bayan gari inda ake rubuta amsa a allo, ya biya kuɗin "taimako", ya dawo yana godiya ga Allah. Na fahimci tsoron da ke sa uba yin haka: kuɗin rajista ba wasa ba, in yaro ya faɗi sai wata shekara. Amma takardar da ya saya wa ɗansa bashi ce, kuma a zangon farko na jami'a ake zuwa karɓa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ɗan maƙwabcinmu ne ya nuna mini wannan ƙiri-ƙiri, ko da yake shi da guminsa ya ci jarrabawarsa. Yaro mai natsuwa, shi ke jan yara salla a Islamiyya in malam bai zo ba. Ya sami injiniyanci a wata jami'a a nan Arewa, aka yi walima, aka raka shi tasha. Bayan shekara biyu ya dawo da jakarsa, ya ce yajin aiki ake. Wata biyu yana faɗin haka. Wani dare bayan Isha'i ya same ni a ƙofar gida, ya zauna a gefen tabarma, ya daɗe yana wasa da silifas ɗinsa kafin ya ce, "Malam, korata aka yi. Baba bai sani ba."

Na tambaye shi yadda aka yi. Abin da ya faɗa mini har yau yana raina.

"Wallahi Malam ban san gwajin da ake yi tsakiyar zango yana shiga sakamako ba. Na ɗauka kamar na sakandare ne, sai jarrabawar ƙarshe. Biyu ma ban je ba, na tafi gida ganin Umma. Lakcar farko mun fi ɗari biyar a ɗaki ɗaya, ina can baya, ba na jin abin da malamin ke cewa, kuma ba ya rubutu a allo. Ina jira a ce mu kwafa, har aka tashi ba a ce ba. Da sakamako ya fito na ga kari-oba huɗu, darussa huɗu da na faɗi sai na maimaita, ban san wa zan je wurinsa ba. Kunya nake ji."

Babu ko ɗaya cikin abubuwan nan da ba za a iya gaya wa yaro cikin awa biyu ba. Cewa maki talatin ko arba'in cikin ɗari daga gwaji da aikin gida suke fitowa. Cewa kowane darasi yana da nauyinsa, kuma faɗuwa a mai nauyi uku ta fi faɗuwa a mai nauyi ɗaya ciwo. Cewa makin da ka tara a shekarar farko yana bin ka har ranar fita, wanda ya fara da ƙasa da wuya ya taɓa 3.5, balle 4.5 cikin 5 da ake nema a daraja ta ɗaya. Cewa a yawancin jami'o'i in makinka ya faɗi ƙasa da 1.0 za a yi maka gargaɗi, in bai tashi ba a sallame ka. Cewa kowane aji yana da malamin da aka ɗora wa kula da shi, kuma zuwa wurinsa ba abin kunya ba ne. Mu da muka bi ta nan mun san wannan duka. Mun manta ne cewa mu ma a wahale muka koya, kuma yaron da babu wanda ya taɓa shiga jami'a a gidansu ba shi da mai gaya masa.

Abin da ya fi damuna cikin maganarsa shi ne, "Ina jira a ce mu kwafa." Mu malaman sakandare mu muka koya masa jiran nan. Shekara shida muna cika allo da rubutu, yara na kwafa, ranar jarrabawa su dawo mana da shi kalma-kalma mu ba su maki. Ba mu koya musu sauraron mutum na minti arba'in su fitar da gundarin maganarsa da hannunsu ba. Ba mu taɓa ba su shafi talatin mu ce su karanta su kaɗai su zo su gaya mana abin da suka gane ba. Ga kuma Turanci. Yaro na iya cike gurbi a takardar tambaya, amma ya miƙe cikin mutum ɗari biyar ya ce bai gane ba, harshensa ya ɗaure, yana tsoron a yi masa dariya. Sai ya yi shiru, shirun kuma ya zama kari-oba. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke ABU yana nan cike da littattafai, amma wanda bai saba zama da littafi shi kaɗai ba, ko an kai shi ƙofa zai tsaya ne yana kallo.

Ga kuma watannin da muke zubarwa. Ana gama NECO wajen Yuli. Da yawa ba sa shiga aji sai ƙarshen shekara, wasu sai wata shekarar, musamman tun da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya hargitsa jadawalin jami'o'i. Wata biyar, wata shida, yaro na zaune a majalisa da waya a hannu, yarinya na kicin. Kan da aka wasa domin jarrabawa ya dushe. A cikin watannin nan ne ya kamata ya koyi buga rubutu a kwamfuta, ya karanta littafi uku ko huɗu daga bango zuwa bango, ya koyi dafa abin da zai ci da wankin kayansa, a ba shi kuɗin mako a hannu a ga yadda zai juya su. Ya kama wata sana'a, ko gyaran waya ko ɗinki ko aski, domin ita za ta riƙe shi ranar da kuɗin gida suka makara. A cikin watannin nan ne kuma ake asarar gurbin karatu saboda sakaci. Tun 2017 ta shafin JAMB na intanet mai suna CAPS ake ba da gurbi, kuma sai yaro ya shiga da kansa ya danna ya karɓa. Na san waɗanda aka ba su gurbi ya wuce su, saboda layin wayar da aka yi rajista da shi na wani ne, ko adireshin imel ɗin mai shagon kwamfuta ne ya buɗe ya riƙe lambar sirrin. Wasu kuma sunan da ke katin NIN daban, na takardar WAEC daban, ranar haihuwa daban, sai a wurin tantancewa abin ya tashi.

'Yan mata suna da ƙarin nasu. Muna tura yarinya 'yar shekara sha bakwai garin da ba ta sani ba da nasiha guda: "Ki kama kanki." Wannan bai isa ba. Uwa ko inna ko yaya ta zaunar da ita ta gaya mata dalla-dalla: in malami ya ce ki same shi ofis ke kaɗai da yamma ga abin da za ki ce, ga wanda za ki kai wa ƙara, kuma duk abin da ya faru ki kira gida, ba za a ce ke kika ja ba. Yarinyar da ta san gida na bayanta ba ta da sauƙin tsoratarwa.

Maganar kuɗi ma ba ma yin ta da yaro sai ta zama rikici. Kowa a Kaduna ya tuna ƙarin kuɗin makaranta na 2021 da yadda ɗalibai suka fito zanga-zanga. A 2023 Gwamna Uba Sani ya rage na KASU, jami'ar jihar Kaduna, daga naira 150,000 zuwa 105,000, amma kuɗin rajista ɓangare ɗaya ne kawai. Akwai ɗaki, abinci, kuɗin keke, data, buga takardu. Tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND: yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Mutum na iya ƙin bashi, wannan ra'ayinsa ne. Amma na zauna da iyayen da suka bar yaro a gida saboda kuɗin rajista ba su taɓa jin sunan asusun ba.

Sannan mun ƙuntata wa kanmu da kalmar "jami'a". Jihar da ke da ABU tun 1962, da KASU tun 2004 a Kaduna da Kafanchan, da Kadpoly a Tudun Wada da Unguwar Rimi da Barnawa, da Nuhu Bamalli a Zariya, da kwalejin ilimi ta Gidan Waya, da AFIT ta sojan sama, da NDA mai horar da hafsoshin soja, da makarantun jinya da na kiwon lafiya, ga hedikwatar NBTE mai kula da ilimin fasaha na ƙasa baki ɗaya a cikin garin nan, amma yaro zai shekara uku yana maimaita JAMB yana jiran likitanci, ba wanda ya ce masa ga wata ƙofa. Mai difloma mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Haka mai NCE, haka wanda ya yi IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da ABU ke gudanarwa. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayensu, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Yaron Kaduna da ya san haka zai san inda ya fi masa sauƙin shiga kafin ya cike fom.

Wani abokin aikina ya taɓa ce mini, "Malam, kana maganar shiri, mu ko alli ba mu da shi. Bari su ci jarrabawar tukuna." Ban raina maganarsa ba, na san ajin da yake shiga. Gwamnati na da nata nauyin, kuma ba zan sauke mata ba: ta kawo malamin Litirecha inda babu, ta ware mai ba da shawara wanda aikinsa ke nan ba wani ba, ta tabbatar kowane ɗan SS2 ya taɓa kwamfuta. Amma yawancin abin da na lissafa ba ya cin ko kwabo. Kowace tsohuwar makaranta a jihar nan, Barewa ce, Alhudahuda ce, Queen Amina ce, tana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai cike da likitoci da lauyoyi da lakcarori. Asabar ɗaya a zango, mutum biyar su je su zauna da 'yan JSS3 da iyayensu. Islamiyyu da coci-coci suna tara matasa duk mako. A ba ɗalibin aji uku na jami'a rabin awa ya faɗa wa ƙannensa abin da ya gani. Daga Rigasa zuwa harabar KASU da ke titin Tafawa Balewa ba tafiya ba ce, amma akwai yaran da za su cike sunanta a fom ba su taɓa taka ƙofarta ba. Bas ɗaya ta isa a kai aji guda su zauna a bayan ɗakin lakca su ga yadda abin yake.

Ɗan maƙwabcin namu, ni na raka shi wurin mahaifinsa. Dattijon ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Da ka gaya mini tun zangon farko." Yanzu yana difloma a fannin lantarki, kuma yana cikin na gaba-gaba a ajinsu.

'Yar yayata kuwa ba ta karɓi kwas ɗin da ta zaɓa a layi ba. Ta zauna shekara guda, na nemo mata malamin Litirecha da ke zuwa sau biyu a mako, ta rubuta jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara, ta sake JAMB. Shekara ɗaya ta rayuwarta da kuɗin rajista biyu, a kan tambayar da ya kamata in yi mata tun tana 'yar sha huɗu. Ƙaninta yana JSS3 yanzu. Makon jiya na buga masa shafukan littafin jagorar nan, muka baje su a tabarma da uwarsa a gefe. Ya ce shi gine-gine yake son zanawa. Muka bi layin da yatsa: Lissafi, Fiziks. Uwar ta ce, "Suna da malamin Fiziks kuwa?" Ya ce bai sani ba. Ranar Litinin ni da ita za mu je makarantar mu tambaya.